Kwamfutar Galadima: Baƙuwar Da Ta Sauka Babu Mai Masauki

Duk wanda ya taɓa sauke kaya a Sabon Badun, ko a karar shanu ta Agege, ko a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ya san cewa kyan kaya shi kaɗai ba ya sayar da su. Falke ya iya tasowa daga Arewa da shanu ƙosassu waɗanda babu kamarsu a kara, amma muddin ba shi da mai gidan da zai sauke shi, da dillalin da ya san mahauta ya kuma ji harshen gari, to, sai ya wuni a tsaye yana kallon ramammun shanun wani suna ƙarewa, nasa kuwa suna nan. Tun daga 1916 da aka kafa unguwar Sabo a Badun, a kan wannan ƙa'ida cinikin shanu da na goro yake tafiya: baƙo ba ya ciniki sai da wanda zai tsaya masa.

Wannan ƙa'ida ba ta tsaya ga shanu da goro ba, ta kai har ga kwamfuta. Abin da ya faru a wata makarantar firamare ta Abuja a 2007 ya isa shaida. Ya kuwa kamata 'yan Arewa mazauna Kudu su san labarin, gama su ne a yau suke ƙulle kuɗin guminsu su shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, su saya wa ɗa ko ƙane na'urar karatu, a aika da ita gida cikin motar da ta sauke albasa.

Saukar baƙuwa

A watan Janairu na 2005, wani shehun malami na jami'ar MIT ta Amurka, Nicholas Negroponte, ya bayyana wa taron Davos niyyarsa ta ƙera kwamfutar da kuɗinta ba zai wuce dala 100 ba, domin 'ya'yan talakawan duniya. Aka kafa ƙungiya mai suna One Laptop per Child, watau kowane yaro da tasa kwamfutar. A watan Nuwamba na wannan shekara, shi da Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, suka nuna samfurinta a birnin Tunis. Nijeriya, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, tana cikin ƙasashen farko da suka nuna sha'awa, har aka yi ta yayata cewa za ta sayi guda miliyan ɗaya.

Na'urar da aka ƙera, wadda aka raɗa wa suna XO, ko maƙiyinta ba zai raina fasahar da ke cikinta ba. 'Yar ƙarama ce, kore da fari irin launin tutar Nijeriya. Ana iya karanta allonta a tsakiyar rana ƙwal, abin da manyan kwamfutocin ofis na wancan zamani ba su iya ba. Ba ta shan wuta da yawa. An rufe madannanta da roba saboda ƙura da ruwa. Tana da 'yan kunnuwa biyu waɗanda ke haɗa ta da 'yan'uwanta, yara su aika wa juna aiki ko da babu intanet. Har ma an shirya mata allon madannai mai ɗauke da haruffan harsunan ƙasar nan.

A watan Maris na 2007 aka kai kimanin guda 300 makarantar firamare ta Galadima, a gefen birnin Abuja, domin gwaji. Aka kafa wa makarantar janareta da faifan tauraron ɗan'adam. Yara suka riƙa tafiya da na'urorin gida. Manema labarai suka yi ta zuwa daga ƙasashen waje, hoton yaran Galadima ya zagaya duniya. Yaran kuwa ba su ba da kunya ba, domin har wani ɗan wurin gyara suka buɗe a makarantar, suna kwance waɗanda suka lalace suna ɗaurawa da hannunsu.

Amma shekara ba ta ƙare ba sai da al'amari ya juya. Gwamnati ta sauya a watan Mayu na 2007. Sabon ministan ilimi, Dokta Igwe Aja-Nwachukwu, ya fito fili ya tambayi amfanin raba kwamfuta ga yaran da ba su da kujerar zama a aji. Kuɗin na'urar da aka ce dala 100 ya tashi a dala 188. Daɗin daɗawa, wani kamfani mai suna Lagos Analysis Corporation ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya da ke Ikko, yana da'awar cewa an kwaikwayi allon madannansa mai suna Konyin, yana neman diyyar dala miliyan 20. Ƙungiyar ta musanta, amma kotu ta ba da umurnin wucin gadi na dakatar da raba na'urar. Miliyan ɗayan nan da aka yi ta ambato ba a saye ta ba har wa yau.

Inda gizo yake saƙa

Mai yiwuwa ne a ce siyasa da shari'a da tsada su ne suka kashe maganar, kuma lalle kowannensu ya taka rawa. Sai dai akwai wani dalili da ya fi su zurfi, wanda ko da gwamnati ba ta sauya ba zai ci gaba da cin na'urar kamar gara.

Kwamfuta ƙarfe ce da waya, ba ta yin kome sai da manhaja, watau jerin umurnin da aka rubuta mata. Akwai babbar manhaja wadda take riƙe da na'urar baki ɗaya, akwai kuma ƙanana waɗanda ake rubutu ko lissafi ko zane da su. Kowace ƙaramar manhaja domin wata babba aka rubuta ta, ba ta kuwa jin maganar wata babbar, kamar yadda wasiƙar Hausa ba ta da amfani a hannun wanda Yarabanci kaɗai ya iya. A 2007 kusan kowane ofishin gwamnati, da banki, da shagon buga takardu a ƙasar nan da Windows ta kamfanin Microsoft yake aiki, da Word domin rubutu, da Excel domin lissafi. XO kuwa da Linux ta zo, aka kuma ɗora mata wata sabuwar fuska mai suna Sugar, wadda aka tsara musamman domin yara, ba ta kama da kome da malami ko ma'aikaci ya saba gani. Word da Excel ba sa aiki a kanta.

Masu shirin suna da hujjarsu, ba kuwa ta banza ba ce. A ganinsu yaro ɗan shekara tara ba akawu ba ne, abin da yake bukata shi ne ya koyi tunani da bincike da ƙirƙira, kuma manhajar da kowa ke da izinin buɗewa ya gyara ta fi dacewa da koyo. Amma uban yaro da shugaban makaranta da jami'in ma'aikatar ilimi wata tambaya ce daban a bakinsu: in yaron nan ya gama, abin da ya koya zai ba shi aiki? In na'urar ta lalace, wane mai gyara ne a Wuse ko Kubwa ya san cikinta? Wane shago ne yake da batirinta ko allonta? Wane malami ne aka koya wa ita a kwalejin horon malamai? Amsar kowace tambaya ɗaya ce: babu. Na'urar ba a sayar da ita a kanti, gwamnatoci kaɗai ake sayar wa da yawa, saboda haka ɗan kasuwa ba shi da dalilin ajiye kayan gyaranta, mai gyara kuma ba shi da dalilin koyon ta. Baƙuwa ce mai kyau, amma ba ta da mai gida, ba ta da dillali, ba ta jin harshen gari.

Direbobi sun fi kowa gane wannan. Tun da aka buɗe masana'antar haɗa Fijo a Kaduna a 1975, abin da ya sa ƙirar 504 ta mamaye hanyoyin ƙasar nan shekaru da dama shi ne, duk ƙauyen da ta tsaya akwai bakaniken da ya san ta, akwai kuma mai kayan gyaranta a kusa. Motar da ta fi ta ƙarfi amma sai an yi odar ƙusarta daga ƙetare, a gindin bishiya take ƙarewa, kaji suna kwana a ciki.

Kishiya a Jabi

A daidai lokacin da ake gwajin Galadima, kamfanin Intel yana gwada tasa ƙaramar kwamfutar, mai suna Classmate, a wata ƙaramar sakandaren gwamnati da ke Jabi, cikin Abujar dai. Allonta bai kai na XO ba a rana, ta kuma fi shan wuta. Babban abin da ta fi XO da shi, shi ne tana ɗaukar Windows. Wannan kaɗai ya isa ya sa jami'ai su ga kamar ita ce kwamfutar gaske, waccan kuwa abin wasan yara.

Ƙarfin wannan ra'ayi ya ƙara bayyana a ƙarshen watan Oktoba na 2007. Wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva ya sami cinikin ɗora nasa Linux a kan Classmate guda 17,000 domin makarantun Nijeriya. Ba a jima ba shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa, yana kukan cewa an gaya masa za a biya shi kuɗinsa, amma za a goge manhajarsa a sa Windows. Daga baya asusun gwamnati da ke biyan kuɗin mafi yawan na'urorin ya ce shi Mandriva yake so a bari. Ko ma yaya aka ƙare, labarin ya nuna irin nauyin da ke kan duk wanda ya kauce wa hanyar da taro ke bi. A wannan shekara ce kuma Microsoft ta sanar da cewa za ta ba gwamnatoci manhajojinta na ɗalibai a kan dala 3 kacal. A watan Mayu na 2008 ƙungiyar One Laptop per Child ita kanta ta amince a ɗora Windows XP a kan XO, bayan da Walter Bender, jagoran aikin Sugar, ya bar ta. Kamfanonin gida ma sun karanci kasuwa tun da wuri: Zinox, wanda ya fito a 2001 da alamar naira a kan madannansa, Windows ya ɗora.

Tsohon labari ne

Abin da ya sami XO ba a kanta aka fara ba. A 1981 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur, masu rubuta manhaja suka yi mata ca. A 1982 kamfanin DEC, wanda gagara ne a wancan zamani, ya fitar da tasa mai suna Rainbow, ingantacciya, amma yawancin manhajojin da aka rubuta domin IBM ba sa aiki a kanta sai an sake musu zubi. Wani ɗan ƙaramin kamfani kuwa mai suna Compaq ya ƙera tasa yadda duk abin da ya yi aiki a kan IBM zai yi a kanta, ya yi cinikin dala miliyan 111 a shekararsa ta farko. A 1998 Compaq ne ya saye DEC ɗungurungum. Haka Amiga, wadda ta fito a 1985 ta fi tsararrakinta hoto da sauti nesa ba kusa ba, kamfaninta Commodore ya karye a 1994.

Yadda abin yake juyawa a bayyane yake. Mai rubuta manhaja yana bin inda masu saye suka fi yawa, mai saye kuma yana bin inda manhajoji suka fi yawa, sai kowannensu ya riƙa ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Wanda ya riga tara jama'a sai ya yi ta ƙaruwa, wanda ya makara sai ya yi ta raguwa ko da ya fi inganci. Hausawa sun riga sun faɗa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Akwai masu cewa wannan duk maƙarƙashiyar manyan kamfanoni ce. Negroponte kansa ya zargi Intel a 2007 da karya farashi domin ta kashe masa kasuwa, Intel ta musanta, ta shiga ƙungiyarsa a watan Yuli, ta fice a watan Janairu na 2008. Ko shakka babu manyan kamfanoni ba sa barin kasuwa ta kuɓuce musu suna kallo. Amma ƙa'idar ba ta san girman kowa ba, shaida kuwa tana cikin aljihun mai karatu. Microsoft ɗin nan da ta yi rinjaye a kan tebur, da ta fito da wayoyinta na Windows, irin su Nokia Lumia, sai ta tarar masu rubuta manhaja sun riga sun taru a kan Android da iPhone. Wayar ta rasa manhajojin da jama'a ke nema, aka guje ta, har WhatsApp ya daina aiki a kanta a ƙarshen 2019. BlackBerry da aka yi yayi a Ikko da Abuja ita ma haka ta tafi. Android kuwa da ta cinye kasuwar, a kan Linux aka gina ta, watau dangin XO ce. Ashe aibin bai kasance ga Linux ba, rashin jama'a ne.

Wanda ya sauke baƙo da gaske

To, ke nan sai a sallama, kowa ya bi wanda ya fi ƙarfi? Sam. Baƙo yana iya zama ɗan gari, in ya sami mai masaukin da ya ɗauki nauyinsa har ƙarshe. Ƙasar Yurugwai, a Kudancin Amurka, ta ɗauki XO ɗin nan dai a 2007, ƙarƙashin shirin da ta kira Ceibal. Ba ta tsaya ga makaranta ɗaya ba. Kafin ƙarshen 2009 ta ba kowane ɗalibin firamaren gwamnati da malaminsa, fiye da guda 350,000. Ta kai intanet makarantu, ta horar da malamai, ta kafa hanyar gyara, ta sa aka shirya darussa domin na'urar. Watau ita da kanta ta tara wa baƙuwar jama'ar da kasuwa ba ta tara mata ba. Ƙasar Peru kuwa ta raba fiye da guda 800,000, da yawa a ƙauyukan da babu intanet, malamai kuma ba su sami isasshen horo ba. Binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012, a kan makarantu 319, bai ga wani ci gaba a sakamakon lissafi da na harshe ba.

In aka auna Galadima da wannan ma'auni, sai a ga cewa kuskuren Abuja bai tsaya ga zaɓen na'ura ba. An gayyato baƙuwa da kiɗa da algaita, aka ɗauki hoto da ita, sa'an nan aka bar ta a zaure. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Hukumar da ba ta shirya horar da malamai, da kawo kayan gyara, da biyan kuɗin wuta da intanet na shekaru ba, kada ta ɗora wa 'ya'yan talakawa na'urar da ba ta da dangi a kasuwa.

Har ila yau ba daidai ba ne hukuma ta ɗaure ƙasa ga kamfani guda, domin wanda ya mallaki harshen kasuwa shi yake yanka farashi, shi kuma yake yanke ranar da tsohuwar na'ura za ta zama juji. Mafita tana cikin abin da kowace kasuwar hatsi ta sani. Ba a tilasta wa kowa sayen mudu a wurin maƙeri ɗaya, abin da ake tilastawa shi ne kowane mudu ya ɗauki awo ɗaya. Akwai irin wannan awo a duniyar kwamfuta: tsarin ajiye takardu na ODF da hukumar ma'aunai ta duniya ta amince da shi a 2006, da PDF da ya bi baya a 2008, da tsarin haruffa na Unicode wanda ya ƙunshi ɓ da ɗ da ƙ. Wajibi ne hukumar NITDA, wadda aka kafa a 2001 domin kula da wannan fanni, ta tsaya kai da fata a kan cewa kowace takardar gwamnati, da kowane shafin cike fom, ya buɗu a kan kowace irin na'ura, har da wayar hannu, kuma duk kwamfutar da za a saya wa makaranta ta iya rubuta Hausa da ƙugiyoyinta. Ranar da aka yi haka, ƙaramin kamfani da baƙuwar na'ura za su iya shiga kasuwa su gwada sa'arsu, talaka kuma ya sami zaɓi.

Kafin a kwance ƙullin kuɗi

Maganar ba ta tarihi kaɗai ba ce. Tun daga 2015 hukumar JAMB, mai hedkwata a Bwari, a kan kwamfuta kaɗai take shirya jarrabawar shiga jami'a, saboda haka yaron da bai saba da madannai ba ya shiga ɗakin jarrabawa da nauyi biyu. Shi ya sa mai gadi da mai sayar da tumatir da mai canji suke matse bakin aljihu su sayi na'ura. Kasuwar gwanjo kuwa, wadda ake kira tokumbo a Kudu, cike take da baƙi irin na Galadima. Akwai Chromebook, mai kyan gani da sauƙin kuɗi, wadda ba ta ɗaukar manhajojin Windows, yawancin aikinta kuma sai da intanet, kana kowace tana da ranar da za a daina sabunta ta. Akwai tsofaffin na'urori masu Windows 10, wadda Microsoft ta janye mata tallafi na yau da kullum a watan Oktoba na 2025, da yawansu kuwa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Irin waɗannan ba su mutu ba, Linux yana iya raya su shekaru, amma sai in akwai wanda ya iya shi a kusa da yaron.

Saboda haka mai saye ya yi wa kwamfuta irin tambayar da mai gida yake yi wa baƙon da ya yi sallama. Me makarantar yaron take koyarwa da shi, wannan na'ura kuma tana ɗaukarsa? In ta lalace a Funtuwa ko Azare ko Birnin Kebbi, akwai mai gyaran da ya san ta, ko kuwa sai ta sake hawa mota zuwa Ikko? Ana samun batirinta da cajarta a kasuwar garin? Tana aiki in babu intanet? Mai shago ya kunna ta a gaban mai saye, a buɗe irin takardar da yaron zai riƙa buɗewa, a gani da ido. In amsoshin ba su gamsar ba, to, araha ba ta ado, gara a ƙara haƙuri a ƙara tari.

Yaran da suka riƙe XO a Galadima a 2007 yanzu magidanta ne, waɗansunsu ma da 'ya'ya a firamare. Sun nuna wa duniya cewa ɗan talaka, in aka ba shi na'ura, zai sarrafa ta har ya kwance ta ya ɗaura. Su sun cika nasu alkawari. Waɗanda suka gayyato baƙuwar ne ba su tanadi masauki ba, kuma duk ranar da aka sake jin sanarwar raba kwamfuta ga makarantu, tambayar farko da ta kamata iyaye su yi ita ce: wa zai tsaya mata bayan masu ɗaukar hoto sun watse?